Igiyar Baffa Bubayero

Shafi na 19

Na Zuhra 'yar Gafasa

Masu turo min saƙo wai na bar Malam Da'u a kwance na tafi yawon biki, na gani, kuma ban ji haushi ba. Wayata ce ta faɗa robar wanke-wanke. Ga shafinku nan, amma kar wata ta ƙona miya a kansa ta ce ni na ja mata.

*

Kafin babur ɗin Muhammad Auwal ya tsaya a ƙofar gida, Karimatu ta riga ta gaji da leƙe. Tun hantsi take sintiri tsakanin zaure da tsakar gida, ta baro teburinta a sakateriyar Ajingi ba tare da ta yi wa kowa sallama ba. Shi ne ɗan kwangila na uku da ta kira gidan mahaifinta, kuma shi ne wanda mutanen Gaya suke yabo, wai duk tafkin kifin da ya gina da siminti ba a taɓa jin ya yi yoyo ba. Ta ce a ranta in wannan ma ya zille, to sai dai ta ɗauki diga da kanta.

Abin da take nema ba wani abin a zo a gani ba ne, duk da matan Gafasa sun maida shi abin hira a bakin famfo, wai 'yar Malam Da'u za ta gina wa ubanta siwimin-ful irin na otal. Ɗan tafki ne na siminti, siriri, ruwan ya tsaya iya ƙugu. Tun da hawan jini ya kada Malam ɓarin jikinsa na dama ya shanye, sau ɗaya aka tsayar da shi a asibitin Kano ya faɗi, daga nan ya ƙi yarda a sake ɗaga shi. Likitar gashin ƙashi ce ta ce a gwada ruwa, domin a cikin ruwa jiki ba ya nauyi, mutum ba ya tsoron faɗuwa. Ta kuma faɗa wa Karimatu ba ɓoye-ɓoye cewa ƙafar nan da sauran rai a cikinta, amma in aka bar ta ta sandare, to ta sandare ke nan. Kai shi Kano kullum ba zai yiwu ba, hanyar kaɗai ta isa ta ƙarasa shi. Ga burtsatse mai sola a gidan, ga fili, ga siminti an jibge a zaure har ya fara daskarewa ta ƙasa. Mai gini kawai ta rasa.

Muhammad Auwal ya shigo da fara'arsa, dogo, da tef ɗin awo a rataye a ƙugu. Tun a zaure ya fara bayani: ba matattakala zai yi ba, gangara zai yi don a iya tura keken marasa lafiya har bakin ruwa, zai kafa ƙarfen riƙewa hagu da dama, zai sa rodi sosai, ya yi filasta da maganin hana yoyo, ruwan da aka gama da shi kuma ya bi bututu ya faɗa garkar mahaifiyarta Inna Hanne, ya shayar mata da kuɓewa. Karimatu tana ji tana gyaɗa kai. Wannan dai ya san abin da yake yi.

Suka wuce ɗakin Inna, suka fito filin da ke gaban turakar Malam, inda a da ake ɗaure awaki. Karimatu ce ta zaɓi wurin da kanta, don kar a yi nisa da shi daga ƙofarsa.

Nan bakin Muhammad Auwal ya mutu.

Ya tsaya yana kallon turakun da aka kafa a kusurwoyin filin, da igiyar da aka ja tsakaninsu, wadda rana ta riga ta koɗar. Ya durƙusa ya taɓa ɗan jan ƙyallen da ke ɗaure a kan turken farko. Ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, tef ɗin da ya fara zarowa ya mayar da shi gidansa. Sai ya ce wurin ya yi kyau ƙwarai, zai koma Gaya ya zauna ya yi lissafin kayan aiki, in sha Allahu zai kira ta.

Karimatu ta san wannan karatun. Ahmad mai tayil haka ya ce, har yau wayarsa a kashe take in ita ce ta kira. Na biyun ma haka ya ce, daga baya ta gan shi a kasuwar Ajingi ya ɓuya a bayan mai rake, ƙato da shi. Ba ta san lokacin da ta sha gaban Muhammad Auwal ta tsaya a bakin hanyar fita ba.

"Malam Auwal, ba inda za ka sai ka faɗa min."

Ya yi 'yar dariyar yaƙe. "Hajiya, ai na ce zan kira."

"Ba za ka kira ba. Ni ba yarinya ba ce. Me kuke gani a filin nan da ni ba na gani? Kabari ne? Aljanu ne? Ko an ce muku ba na biyan mutane haƙƙinsu?"

"Wallahi ko ɗaya."

"To mene ne?"

Ya sosa ƙeya, ya dubi ƙofar turakar Malam da labulenta a sake, ya rage murya.

"Wa ya ja miki igiyar nan?"

"Baffa Bubayero."

"Sarkin Magina."

"Shi."

"To ai aikin nasa ne, Hajiya."

Ta tsaya tana kallonsa kamar ya yi mata wani yare. Shi kuwa ya shiga yi mata bayani a hankali, yana kaffa-kaffa. A wajen magina, duk wanda ya kafa turke ya ja igiya, aiki ya zama nasa, ko da bai aza bulo ɗaya ba. Ba mai hawa kai sai mai igiya ya zo da ƙafarsa ya kwance, ya ce na sallama. Jan ƙyallen nan kuwa daga Toranke har Gaya ba wanda bai san na Bubayero ba ne. Wanda ya koya wa Muhammad Auwal riƙon cokalin gini, a hannun Bubayero ya koya. In ya tsallake igiyar nan yau, gobe ba leburan da zai kwaɓa masa siminti a ƙasar Ajingi, ba kuma mai gayyatarsa ko ɗaurin aure.

Karimatu ta dafe kai. Ita a saninta albarka kawai aka nema. Ranar da ta fara zancen tafkin, Inna Hanne ce ta ce ba a fasa ƙasa a gidan dattijo ba tare da babba ya sa hannu ba, a kira aminin Malam. Bubayero ya zo, ya shiga turaka ya daɗe, ya fito ya buga turaku, ya ja igiya, ya yi addu'a, ta ba shi goro ya tafi. Ko a mafarki ba ta ɗauka ta ba shi aiki ba. Mutumin da duk rayuwarsa tubali da jar ƙasa ya sani, wanda siminti ma sai da tsufa ya yarda da shi, ina shi ina ginin da zai riƙe ruwa?

Ta ce, "To me ya hana ku faɗa min? Ku uku, ba wanda ya iya buɗe baki?"

"Ai da nauyi, Hajiya. Sai ya zama kamar mun kai ƙarar ubanmu."

"Ƙafar nawa uban fa?"

Ya dubi ƙasa.

Da ƙyar ta samu ya yarda zai jira ta a masallacin bakin titi har la'asar. Ya ce akwai wani aiki da ake kiransa a Dutse wanda zai cinye masa sauran rani, kuma yau zai ba su amsa. In Sarkin Magina ya kwance igiya, ko kuma mai gidan da kansa ya ce a cire, gobe da sassafe zai zo da lebura. In ba haka ba, ta yi haƙuri. Ta ja mayafinta ta fita ko ruwa ba ta sha ba.

A bayan gari ta same shi, gindin wata darbejiya, ya miƙe ƙafa yana kallon rumbun da ya gama yi wa yaɓe, hannayensa duk busasshiyar laka. Tsoho ne ƙanƙani mai farin gemu, wanda bai taɓa yin sauri a kan komai ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, shi kuwa ya kama gaisuwa kamar an biya shi. Ya tambayi maigidanta Muhyiddeen, ya tambayi yara, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, ya tambayi mutanen Ajingi da kasuwarsu, har da wata akuya da ya ji an ce ta ɓata. Karimatu tana amsawa tana kallon inuwar bishiya tana matsawa. Haushi ya cika ta, amma ba a katse gaisuwar aminin uba.

Da ya ƙare, ta ce, "Baffa, igiyarka na zo ka kwance min."

"Wace igiya?"

"Ta gidanmu."

"Af. Ai aikin yana raina. Ƙasar wurin ce nake so ta ɗan kwanta."

"Baffa, ƙasar da awaki suka shekara suna takawa?"

Ya ce to sai kuma a duba wata, ba kowane wata ake fasa ƙasa ba. Ta ce watan ya fita wani ya shiga. Ya ce bayansa ne yake ɗan taɓa shi. Ta dubi rumbun da ya gama hawa yanzun nan, ta dube shi, ya kau da kai. Nan haƙurinta ya ƙare. Ba ta dai ɗaga murya ba.

"Baffa, ni ban ba ka aiki ba, albarka na roƙa. Ka ba ni albarkar, ka ɗaure min hannu da ita. Mutum uku na kawo, kowa ya ga ƙyallenka ya gudu. Na yi ta zargin kaina, na ce ko bakina ne ba daɗi, ko don ni mace ce. Ashe kai ne. Kullum na shiga gidan nan sai na tarar Inna tana murza masa ƙafa, kullum yatsun suna ƙara lanƙwashewa. In aikin kake so, ka zo ka yi. In ba ka iya ba, ba abin kunya ba ne, ka sallama. Amininka ne fa."

Bubayero ya daɗe yana ɓanɓare laka daga farcensa.

"Ban iya ba," ya ce. "Ni ko kwatamin wanka na siminti ban taɓa yi ya riƙe ruwa ba. Kowa ya sani."

"To don me?"

"Don shi ya sa ni."

"Wa?"

"Da'u."

Ta yi wata gajeriyar dariya. Ta ce Baban da in ya ce ruwa sai Inna ta sa kunne sau biyu kafin ta gane? Bubayero ya ce shi ba ya bukatar sa kunne, tare aka yi musu kaciya. Ranar da ya shiga turaka, Malam ya kama masa hannu da hannunsa mai lafiya, ya ce ya ja igiya a wurin, kuma kar ya sake dawowa kan aikin. Ya sa shi ya yi alkawari.

Karimatu ta zauna sosai a ƙasa, ba ta ma kula da lakar da ke wurin ba.

"Ba ya son ya tashi?"

"Ba abin da yake so kamar ya taka zuwa masallaci."

"To me na yi masa?"

"Ke wa zai shiga ruwan da shi?"

"Ni mana."

"To."

Ya bar ta da wannan "to" ɗin. Kuma a hankali abin ya zo mata. Ranar da suka dawo daga Kano, tana tsaye a bakin turaka tana zuba wa Inna bayani da murna: gajeren wando kawai za a sa masa, ita za ta shiga ta riƙe shi ta ƙugu tunda ƙanenta Anas yana can Fatakwal wajen aiki, za ta riƙa ɗaga masa ƙafar tana saukewa kamar yadda likita ta nuna mata, ta ɗauka a waya ta tura a gani. Duk yana kwance yana ji. Ta tuna ya juya fuskarsa bango, ita kuwa ta ɗauka gajiyar hanya ce.

Ita ce 'yar farinsa. Tun da aka haife ta Malam Da'u bai taɓa kiran sunanta ba, "ke wannan" take a bakinsa, ko "'yar gidan Hajiya", saboda wajen kakarta aka kai ta tun daga yaye. Bai taɓa cin abinci a gabanta ba. In zai aike ta, Inna yake faɗa wa, ko da tana tsaye a wurin. Hularsa ma ba ta taɓa ganin ya cire ba sai a gadon asibiti, kuma ko a can da ya farfaɗo ya gan ta, abin da ya fara laluba ke nan. Ta san duk wannan, da shi ta tashi, har ba ta ganinsa. Ta lissafa rodi, ta lissafa bututu, ta lissafa zurfin ruwa, wannan ne kawai bai zo mata ba.

Bubayero ya ce, "Cewa ya yi gara a ɗauke shi a makara da 'yar farinsa ta riƙe shi tsirara."

"Ai sai ya ce ba ya so."

"Ya ce wa wa? Ke? Ya taɓa ce miki ko miƙo min buta? Kuma kin sayi kaya, gari duk ya ji. Ya ce a'a, ya kunyata ki a idon mutane. Shi ya ga gara magina su yi ta ɓata miki rai har ki gaji ki bari."

Ta ce to a samu namiji ya shiga da shi, ko Muhyiddeen, ko shi Baffan da kansa. Ya ce ya kawo wannan shawarar tun ranar. Malam ya ce suruki ai ya fi muni, kuma ko wa ya shiga, ya san halin 'yarsa, za ta tsaya a bakin ruwa da waya a hannu tana cewa a ɗaga a sauke. Karimatu ta buɗe baki za ta musa, ta rufe, domin gaskiya ne.

Kunya ta kama ta, amma haushin ya fi kunyar yawa. Ta miƙe tana karkaɗe zani.

"Baffa, na ji nawa laifin. Amma ku biyu kun zauna, dattawa da ku, kun ƙulla wannan, kuna kallo ƙafar mutum tana mutuwa. Kai da kake zuwa duba shi, ka ga yadda ta koma. Ranar da ta sandare gaba ɗaya, kunyar ce za ta kai shi masallaci?"

Tsohon bai ɗago ba. Ta ga gemunsa yana motsi, ta ga ya sa bayan hannu ya goge ido, laka ta shafu a kuncinsa.

"Ba na barci a kan abin nan," ya ce. "Amma hannuna ya kama. Wanda ya sa ni ɗaurawa, shi zai ce in kwance."

Ta juyo gida da sauri, rana tana dukan ta, takalminta yana cika da yashi. Ta wuce masallacin bakin titi, ta hango babur ɗin Muhammad Auwal a jingine, shi kuma yana zaune a inuwa yana duba waya. Inuwar ta riga ta yi tsawo.

Inna Hanne tana cikin turaka, zaune a bakin katifa da kwalbar man zafi, ƙafar Malam a kan cinyarta. Da jin sallamar Karimatu ta yi maza ta ja bargo ta rufe ƙafar, shi kuma ya juya fuska bango. Yau ne kawai Karimatu ta ga wannan da idon gani. Kullum haka ake yi in ta shigo, ba ta taɓa lura ba.

Ta durƙusa a bakin ƙofa daga ciki. Ba ta san yadda ake yi wa mutumin nan magana kai tsaye ba, ba ta taɓa yi ba. Sai ta yi yadda aka saba a gidan, ta dubi Inna.

"Inna, ki ce wa Baba daga wajen Baffa Bubayero nake."

Hannun Inna ya tsaya a kan bargo. Ba ta tambayi komai ba, kuma daga nan Karimatu ta gane ita ma ta sani. Ashe shawarar a kira babba ya sa albarka ma ba daga sama ta faɗo ba.

"Inna, ki ce masa na yi kuskure, ya yafe min. Ki ce masa ba zan shiga ruwan ba. Ba zan tsaya a wurin ba. Ranar da za a sa shi ko garin ba zan shigo ba. A kewaye wurin da zana, in ya so a yi masa ƙofa da kwaɗo, ya riƙe makullin. Zan sa Anas ya ɗauki hutu ya zo. Wayar ma ba na so."

Inna ta dubi bayan mijinta. "Malam, ka ji."

Bai juyo ba.

"Ki ce masa mai aikin yana masallaci, da la'asar zai tafi, kuma ba zan samu kamarsa ba. Kalma ɗaya ake nema. Ya ce a cire, shi ke nan. Ko hannu ya ɗaga."

"Malam."

Ba abin da ya motsa sai numfashinsa. Karimatu tana kallon hularsa da ta karkace a kan matashi, da siririn wuyansa. Mutumin da yake noma gonarsa ta hanyar Toranke shi kaɗai, ya dawo ya yi limancin magariba. Ta jira. Inna ta sunkuyar da kai tana juya murfin kwalba. Daga nesa aka ji ladan yana gwada lasifika, yana hura ta.

Inna ta ce a hankali, ba tare da ta dube ta ba, "Ke wannan, ki bar shi. Kin san ba zai iya ba."

Wannan "ke wannan" ɗin ne ya ƙarasa ta. Ta miƙe ba sallama, ta bankaɗe labule ta fita. Ta gaji da gidan da kowa yake son kowa amma ba mai iya faɗa wa kowa komai. In ba mai kwancewa, ita za ta kwance, in ya so Sarkin Magina ya kai ƙararta duk inda ake kai wa. Ta san ba lallai Muhammad Auwal ya karɓi wannan ba, amma ba za ta iya ƙara kwana tana kallon igiyar nan ba.

Ta kama turken nesa, na jikin katanga. Tsohon ya buga shi da gaske. Ta girgiza shi gaba da baya, ta sa ƙafa ta dake shi, ta ja har tafin hannunta ya saluɓe, sannan ya fito da ƙasa a gindinsa. Ta yi jifa da shi. Ta nufi na biyu tana kuka, kukan haushi, mayafinta ya faɗi ba ta ɗauka ba. Igiyar ta saki, tana jan ƙasa a bayanta. Ta ji Inna a ciki tana cewa wani abu da ƙarfi, ta ji kwalba ta faɗi ta fashe, ba ta waiga ba. Ta tumɓuke na biyu, ta tumɓuke na uku.

Saura na bakin turaka, mai jan ƙyallen da Muhammad Auwal ya taɓa. Ta sunkuya ta kama shi da hannu biyu.

"Ka... Karimatu."

Muryar a karkace take, da nauyi, kamar ana jawo ta daga rijiya. Amma sunanta ne, duka, har ƙarshensa. Ba ta taɓa jin sa a wannan muryar ba.

Ta ɗago.

Malam Da'u yana tsaye a bakin ƙofa. A tsaye. Hannunsa na hagu ya damƙe katakon ƙofar har jijiyoyi sun fito, labule ya naɗe masa a kafaɗa, hular ta faɗi, bai ma sani ba. Ƙafar daman tana ƙasa, tana rawa, amma tana ƙasa. Inna tana bayansa ta buɗe hannuwa, ya hana ta taɓa shi. Idonsa a kan 'yarsa, ido cikin ido, gumi yana zubo masa, bakinsa yana ta kokawa da wata kalmar da ba ta san ko "cire" ba ce ko "bari".

Aka kira la'asar.

"Baba," ta ce. "Me ka ce?"

Ya buɗe baki. Sai ta ga yatsunsa sun fara zamewa daga jikin katakon, ɗaya bayan ɗaya. Inna tana bayansa, labule ya shiga tsakaninsu. Ba kowa a gabansa sai ita.

Karimatu ta saki turken ta miƙa hannu.